Wankin Kan Kurciya

Kitso na tara ne ya ƙi tsefuwa. Mai Walda ya sa tsinin mataji ya ɗan ja, ya saki, ya sake ja, gashin ya tsaya cak kamar an ɗinke shi da zare. Kurciya tana zaune a kan tabarma tsakanin gwiwoyinsa, ta rungume ƙafarsa ta hagu da hannu biyu. Ya tambaye ta ko da zafi, ta girgiza kai. Tun safe amsarta ke nan.

Ya ɗaga ido ya dubi agogon bango. Goma da rabi, ko rabin kan bai kai ba, kuma ƙarfe huɗu Yaya ta ce za ta iso.

Matarsa ce ta yi wannan kitso, ana gobe za a kwantar da ita a asibiti. Ta yi shi ƙanana-ƙanana, ta matse, ta ce don ya kai yarinyar har ta dawo. Yau wata biyu da kwana shida, ba ta dawo ba, kuma ba za ta dawo ba. A cikin watannin nan Mai Walda ya koyi abubuwan da bai taɓa zaton zai koya ba. Ya iya haɗa abincin makaranta, ya iya goge siket ba tare da ya ƙona ba, ya san wace safa ce take matse mata yatsu. Kanta ne kaɗai bai taɓa faɗo masa a rai ba, don kullum yana cikin hular ulu da yarinyar ba ta cirewa ko a barci. Mutumin da zai hango ƙofar ƙarfe daga tsallaken titi ya gaya maka inda za ta tsage nan da shekara uku, shi ne bai ji warin kan 'yarsa ba sai da malamar aji ta ji.

Malamar ta kira shi sau biyu ranar Alhamis, ƙarar injin yanka ƙarfe ta hana shi ji. Sai ta kira lamba ta biyu da ke takardar makaranta, ta Yaya, wato yayar marigayiya. Yaya kuwa tun ranar rasuwa take cewa 'ya mace 'yar shekara bakwai ba a hannun namiji take girma ba, shi kuma yana ba ta haƙuri, yana cewa a ba shi lokaci. Da yamma ta kira shi. Ba ta yi faɗa ba, kuma abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta ce ranar Asabar za ta zo ta gani da idonta, in ta tarar da abin da malama ta faɗa, to ya haɗa wa yarinya kayanta. Gidan Yaya tafiyar awa uku ce a bas, in hanya ta yi kyau.

Da a ce shamfun kanti zai yi, da abin ya zo da sauƙi. Amma fatar kan Kurciya ba ta shiri da shi tun tana jaririya, da an sa sai ƙuraje su feso har bayan kunne. Shi ya sa uwar ke haɗa nata a gida cikin wata kwalba, ta wanke mata, sannan ta nannaɗe gashin da tsagaggun ƙyallaye ya kwana, da safe a kwance ya zubo a murɗe. Shekara bakwai yana wucewa ta gefensu duk Asabar yana tsallake baho, bai taɓa tsayawa ya tambayi me ke cikin kwalbar ba. Da ya lalubo ta a bayan madubi, babu komai sai wani busasshen abu a gindi. Ya tambayi Kurciya, ta ce akwai ƙwai, akwai kuma wani abu mai yauƙi da ba ta san sunansa ba.

Da ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasu, da maƙwabciyarsu Maman Biyu ta gaya masa komai cikin minti ɗaya. Sai dai abin da Maman Biyu ta ji da safe, Yaya na jin sa kafin rana ta take. Don haka ranar Juma'a, lokacin hutun cin abinci, ya zauna a bayan shago ya nemi bidiyo a waya. Ya samu wata mata tana surutu da yaren da bai tsinci ko kalma ɗaya ba, tana kaɗa ƙwai biyu da zuma da mai a kwano. Ya kalli hannuwanta sau shida, don shi ma waldar da ido ya koye ta. Matar ta shafa, ta jira, aka nuna ta a ƙarƙashin famfo, aka nuna gashi yana sheƙi. Bai ga wani abu mai wuya ba. Burinsa Yaya ta shigo ta tarar da kan a wanke, a naɗe, yadda ƙanwarta ke yi, ta rasa abin faɗi.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne gashin da ke biyo mataji. Duk kitson da ya tsefe sai dunƙule guda ya fito, haɗe da amosani da zaren hula. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa gashi na zuba kullum, kuma na wata biyu ne ya taru a cikin kitso. Shi a ganinsa tuge kan 'yarsa yake yi. Ya riƙa dunƙulewa yana cusawa a aljihun wando don kada ta gani.

Wajen ƙarfe ɗaya saura kitso guda, can ƙasa a ƙeya. Yana kai hannu sai ta riga shi, ta dafe wurin.

"Baba, a bar wannan."

"Don me, Kurciya?"

"A bar shi kawai."

Ya ɗauka ya gane. Shi ne na ƙarshe da ya rage na hannun uwarta, kuma shi kansa har yanzu bai iya ɗauke takalmin matarsa daga bakin ƙofa ba. Ya ce to, an bar shi.

Banɗakin nasu in mutum biyu suka shiga, dole ƙofa ta zauna a buɗe. Ya zaunar da ita a kan kujerar roba, ya yafa mata tawul, ya fasa ƙwai biyu a kwanon shan shayi ya kaɗa da cokali mai yatsu. Ya zuba zuma da mai da ido. Da ya lafta mata na farko a tsakar ka ta ɗan noƙe, ta ce sanyi, har ta yi wata 'yar dariya da ya kwana biyu bai ji ba. Ya shafa ko'ina, ya murza, ya ji zuciyarsa ta ɗan saki. Ashe dai abin ba gagarau ba ne.

Maganar sanyin ce ta tsaya masa. Yarinyar tana fama da mura tun Talata, ba zai zuba wa marainiya ruwan famfo a ka ba. Ya ɗora tukunya a wuta har ta fara huci, ya juye a bokiti, ya sirka kaɗan, ya tsoma hannu ya ji daidai. To, hannun da ya shekara ashirin yana riƙe ƙarfe mai zafi ba ma'aunin ruwa ba ne. Ya ce ta sunkuya, ya cika kofi ya zuba.

Sai ga wani fari-fari yana fitowa a cikin gashin. Da farko ya ɗauka kumfa ne. Ya murza, abin ya ƙi narkewa, sai ma ya rarrabu ƙanana ya shige can ciki. A wurin Mai Walda, duk abin da ya maƙale wuta ce maganinsa, ko giris ne ko tsatsa ko fenti. Ya yanke shawarar ruwan ne bai yi zafi sosai ba, ya je ya ɗauko sauran na tukunya ya ƙara. Kofi na uku ne ƙamshin ya buge shi, ƙamshin da yake ji kowace safiya in yana haɗa mata abin kari. Ya tsaya da kofi a hannu, ya gane ya dafa ƙwai a kan 'yarsa.

Kurciya ta riƙe bakin bokitin da hannu biyu, yatsun ƙafarta duk sun lanƙwashe a kan siminti. Ya tambaye ta ko ruwan ya ƙona ta.

"Ba zafi, Baba. Ka ci gaba."

Ya koma ruwan sanyi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Gashin da ya sha wahalar tsefewa ya sake cukuikuyewa, ya riƙe ƙwan gam. Ya fito da ita falo, ya zaunar da ita kusa da taga inda haske ya fi, ya shiga tsinta da farce ɗaya bayan ɗaya yana gogewa a jarida. Farcensa gajeru ne, yatsunsa masu kauri, in ya cire guda sai ya murƙushe uku. Ƙamshin ya huce ya koma ƙarni, ƙuda biyu suka shigo ta taga. Garin gyaran gira zai rasa ido, ya san haka, kuma bai san inda zai tsaya ba.

Da uku ta kusa sai ya ce bari ya naɗe a haka, wataƙila ƙyallaye su rufe. Ya yayyaga wata tsohuwar rigarsa, ya kama gashi ya murɗa a jikin ƙyalle yadda yake tuna matarsa na yi, ya ɗaure. Na farko ya zame ya faɗo a kafaɗarta. Na biyu ya tsaya a karkace. Yana kan na biyar, da ƙyalle a baki, aka yi sallama a ƙofa. Motar Yaya ta cika da wuri.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hammata. Mace ce doguwa, mai goshin matarsa sak, shi ya sa ba ya iya kallonta na dogon lokaci. Ta dubi jaridar, ta dubi ƙyallayen, ta ja iska ta hanci sau ɗaya.

"Baban Kurciya, da ruwan zafi ka ɗauraye?"

"Mura take yi, Yaya."

Ta ajiye jaka, ta cire mayafi, ta naɗe hannun riga, ta aike shi kantin da ke ƙasan benensu ya sayo kuɓewa ɗanya. Abu mai yauƙin ke nan. Ya sauka da gudu ya dawo da gudu kamar wanda aka ba dama ta ƙarshe. Ta yanka, ta tafasa, ta tace a rariya, ta juya tsakanin kwano biyu har ya huce. Ita ta koya wa ƙanwarta wannan haɗi tun suna 'yan mata, ta faɗa tana kallon kwanon, ba shi ba. Ta shafa yauƙin a kan, ta fara tajewa daga bakin gashi tana hawa sama, saɓanin yadda ya yini yana yi. Ƙwan ya riƙa zamewa yana faɗowa a tawul da kansa. Mai Walda yana tsugune gefe yana miƙa mata kofi, kunya ta cika shi, haushi kuma yana cin sa ganin yadda abin bai da wuya a hannunta.

Da ta kai ƙeya Kurciya ta sake dafe wurin. Ya yi saurin cewa a bar shi, na mamanta ne, shi ya yi mata alkawari. Yaya ta ajiye mataji. Sannan ta cire hannun yarinyar a hankali, ta ɗaga kitson, ta juyo da kan wajen taga. Ta ce masa ya matso ya gani.

Miki ne, faɗin kan babban yatsa, ya yi ja ya kumbura, gashin da ke kewaye ya manne da mugunya. Gefensa ya saɓule sabo, inda ruwan zafi ya bi ɗazu har kofi uku. Mai Walda ya zauna a ƙasa.

Yaya ta tambayi yarinyar tun yaushe. Ta ce tun ranar da aka yi musu gwajin lissafi. Ya lissafa a ransa, sati uku ke nan. Yaya ta ce me ya hana ta gaya wa babanta. Kurciya ta dubi tabarma, ta ce ta ji lokacin da Inna, wato Yaya, ke cewa in Baba bai iya ba za a tafi da ita, shi ya sa take sa hula, kuma in yana ƙaiƙayi ba ta sosawa sai Baba ya shiga wanka.

Yaya ta nemi almakashi, ta ce wannan ba ya tsefuwa, sai yanka. Ta yanke kitson daga tushe, ta riƙe shi a tafin hannu ta daɗe tana kallon saƙar, sannan ta naɗe a hankici ta ajiye a kan tebur. Ta jiƙa auduga a ruwan gishiri ta fara wanke mikin. Jikin yarinyar ya ƙame, wuyanta ya miƙe, idonta yana kan ubanta.

"Yi kukanki mana, 'yata," in ji Yaya. "Ko babba aka yi wa wannan sai ya yi."

"Ba zafi, Inna."

Yaya ta juyar da fuska ta share ido da bayan hannu. Ta ce gobe dole likita ya gani, don ya fara ruwa. Ta rufe wurin da bandejin da ta samu a akwatin maganinsa, ta busar da sauran kan da tawul, ta shafa mai. Sannan ta jawo ƙyallayen rigarsa, ta ce tunda an yayyaga ai ba a yi asararsu ba. Ta tsaga gashin gida-gida, ta kama kowane ta ɗora bakinsa a tsakiyar ƙyalle, ta naɗe har tushe, ta ƙulla sau ɗaya. Ba wanda ya zame. Tun kafin ta kai rabi kan Kurciya ya fara nauyi, ya kwanta a cinyarta, bakinta ya ɗan buɗe. Ya daɗe bai ga ta yi barci haka ba. A wurinsa ko motsi ya yi sai ta buɗe ido ta tambaye shi ko yana son wani abu.

Yaya ta ƙarasa naɗin da muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ba za ta ɓoye masa ba, ta zo ne da niyyar tafiya da yarinya ko me ta tarar. Amma ta leƙa kicin, ta ga kayan makaranta a goge a rataye, ta ga littattafai da sa hannunsa a kowane shafi. Ta ce ƙwai kuskure ne, ba wanda aka haifa da iyawa. In ya yarda zai kai ta asibiti gobe, za ta bar masa ita har ƙarshen zango, ta riƙa zuwa Asabar biyu-biyu tana duba kan, su ga abin da Allah zai yi.

Abin da ya kwana biyu yana roƙo ke nan, an ɗora masa a hannu. Ya jira farin ciki ya zo, bai zo ba. Ya dubi bandejin, ya yi tunanin sati uku, safiya ashirin da ɗaya yana ɗaura mata jaka a baya yana shafa hular yana cewa Allah ya yi miki albarka. Yau miki ne a ƙeya. Gobe in zazzaɓi ne, in ciwon ciki ne, in wani ne ya taɓa ta a hanya, haka za ta sa masa hula ta rufe, ta ce ba zafi, don kada a ce Baba bai iya ba. Shi ya kamata ya riƙe ta, ashe ita ke riƙe da shi.

"Yaya, ki tafi da ita."

Ta ɗago ta dube shi. "Ban ce ka gaza ba."

"Na ji. Muddin tana nan, ba za ta daina gadina ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya sauko da jakar tafiya daga saman durowa, ya kakkaɓe. Ya saka riguna, ya saka littattafai, ya saka maganin mura da cokalinsa. Ya ware safar da ke matse mata yatsu ya bari. Zik ɗin ya ƙi ja sai a karo na uku. Ya rubuta lambar malamar aji a takarda ya cusa a aljihun gaba, don Yaya ta nemi takardar canjin makaranta. Motar ƙarshe ƙarfe shida take tashi, saura minti arba'in.

Ƙarar jakar a kan siminti ce ta tashe ta. Ta zauna, kanta duk ƙulle-ƙullen ƙyalle, shatin zanen Yaya a kumatunta. Ta dubi jakar, ta dubi Inna tana yafa mayafi, ta dubi ubanta.

"Baba, ai ban yi kuka ba."

Ya durƙusa a gabanta, ya jawo takalminta.

"Ko da Inna ta sa gishiri ban yi ba. Ka tambaye ta."

"Na sani, Kurciya," ya ce. "Shi ya sa."

Ya kama ƙafarta ta dama ya sa mata takalmin, ya ɗaure igiyar, ya miƙa hannu ta ba shi ɗayar.